Soron Boko

A garinmu har gobe in ka ce wa yaro ya kai saƙo makaranta, ginin bulon da ke bakin hanyar mota zai nufa. In kuwa ka ce masa Soron Boko, ya san tsohon ɗakin ƙasan nan kake nufi, wanda ke tsakanin filin Idi da tsohuwar rijiya, a gindin darbejiya. Ɗaki ne ɗaya tal, ƙofa ɗaya, ƙananan tagogi biyu. A cikinsa na koyi rubuta sunana, kuma ni ne na kusa kai shi ƙasa da hannuna, da sunan gyara. Yanzu da na ajiye alli na yi ritaya, gara in faɗi yadda aka yi da bakina, don yaran garin suna jin labarin rabi da rabi, wasu ma har yabona suke yi a inda ban cancanta ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kazaure. Da aka haife ni muna cikin Jihar Kano, sai a 1991 aka yanke mu zuwa Jigawa. Soron ya girme ni nesa ba kusa ba. Baba, Allah ya jiƙansa, ya ce an gina shi a shekarun 1950, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta ta da gangamin Yaƙi da Jahilci, En'e ta aiko wa dagatai cewa a tanadi wurin da manya za su riƙa koyon karatu. Ba a aiko da ko anini ba. Mai Gari ya sa aka yi shela, aka yi gayya bayan an gama kaka. Mata suka yi fura, samari suka haƙo ƙasa a kududdufin bayan gari, aka kwaɓa ta da ciyawa da kashin doki, aka cura tubali aka shanya. Baba yana saurayi a lokacin, yana cikin waɗanda suka ɗauko azara a ka tun daga fadama. Har ya tsufa in ya shiga soron sai ya ɗaga sandarsa ya nuna wata azara mai ɗan lanƙwasa kusa da ƙofa, ya ce ita ce ta goge masa kafaɗa.

Na taɓa tambayarsa abin da ya kai shi ajin, shi da ya yi allo har ya kai izu goma. Ya ce gyaɗa. Zamanin dalar gyaɗa ne a Kano, kuma a wurin awo mai sikeli shi ke karanta lamba, shi ke rubutawa, manomi sai dai ya ce to. Haka rasidin haraji: a ba ka takarda ka ninke ka sa a hula, ba ka san ko ta bana ce ko ta bara ba. Saboda haka bayan sallar isha'i sai su taru su zauna a kan buzu, a kunna aci-bal-bal a ɗora a alkukin da ke bangon arewa, malamin ajin ya rubuta baƙi da wasali. Baba bai yi nisa ba. Ya dai kai ya karanta lamba, ya sa hannu, ya kuma bi kanun Gaskiya Ta Fi Kwabo a hankali in wani ya zo da ita daga birni. Ya ce daga nan mai sikeli ya fara gaishe shi da kyau.

Hayaƙin fitilar nan ya bar baƙin tabo a saman alkukin, dogo kamar harshe. Yana nan har yau.

Da gangamin ya lafa, soron ya koma masaukin baƙi. Malaman haraji su kwana a ciki, masu allurar shanu su kwana, wani lokaci mahaukacin da ya biyo hanya. Haka yake har 1976.

A watan Satumba na shekarar gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, abin da muke kira UPE. An yi lissafin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Babu isassun azuzuwa, babu isassun malamai. Mu a garinmu babu ko tubalin toka da aka aza, saboda haka Mai Gari ya ce a share soro.

Ba na manta safiyar da aka tara mu a ƙofar fada. Babu mai takardar haihuwa, don haka sai a ce ka ɗora hannun dama a kan kai ka taɓo kunnen hagu. In ya kai, ka isa shiga. Nawa da ƙyar ya kai, sai da na karkata wuya. Gidaje da yawa sun ɓoye 'ya'yansu, wasu a rumbu, wasu an tura su wurin dangi a ruga, don ana cewa boko tana raba yaro da salla da fartanya. Baba kuwa ya kamo hannuna da na Yayata ya kai mu da kansa. Inna ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba saboda Yaya. Ni ta ce a tafi da ni, namiji ne, amma 'ya mace me za ta je nema?

Malami ɗaya aka turo mana. Muna ce masa Malam Babba, ko da yake babu ƙarami. Saurayi ne siriri, da kekensa Raleigh da 'yar akwatin ƙarfe a ɗaure a baya, a ciki akwai rajista da alli da agogon tebur. Babu benci. Kowa ya zo da guntun buhu ko tabarma, wanda bai da shi ya zauna a daɓe. Allon bango kuwa wani ɓangare ne na bangon yamma da aka goge ya yi sumul, duk ranar Juma'a monita ya fasa tsohon batirin tocila ya kwaɓa baƙin cikinsa da ruwa ya shafe shi. Ƙararrawa tsohon ƙarfen ƙafar mota ce da aka rataye a reshen darbejiya. Kafin mu taɓa fensir sai da muka yi wata da watanni muna rubutu da yatsa a yashi a ƙofar soron, Malam yana bi yana gogewa da takalminsa in ba daidai ba.

Shekarar farko da sauƙi, tunda duk ajinmu ɗaya. Da aka ɗebo sababbi a shekara ta biyu, nan ne na ga aikin da ban gane girmansa ba sai da na zama malami. Ya raba ɗakin biyu da igiya. 'Yan aji biyu su fuskanci yamma, 'yan aji ɗaya su fuskanci gabas, baya da baya. Ya ba mu lissafi a allo, ya tsallake igiya ya je yana jan ƙanana da a, e, i, o, u, kunnensa ɗaya yana wajenmu. In ya ji motsi, ba ya ko juyowa zai kira sunan mai yi. A shekara ta uku aka ƙara da gindin darbejiya, aka kuma samo malamin Arabiyya daga cikin gari, wanda zuwansa ya sa wasu iyayen suka saki jiki suka fito da 'ya'yan da suka ɓoye. Abin da ke cikin zama ɗaki ɗaya shi ne, ƙarami yana jin karatun manya tun kafin ya kai, babba kuma yana sake jin na baya ko bai so ba. Wanda ya gane sai a ba shi ƙanana biyar ya ja su. Yaya ce aka fi ba wa, don ta fi mu duka kai. Wurin zamanta ƙarƙashin tagar kudu, inda haske ya fi faɗowa.

Soron yana da wani hali da ba mu lura da shi ba sai da muka bar shi. Da bazara, rana tana dukan ƙasa kamar za ta tsage, in ka shiga ciki sai ka ji sanyi kamar bakin randa. Da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Da aka gina mana azuzuwa biyu na bulo da kwano muna aji huɗu, mun yi murna kamar ranar Salla, amma kafin azahar kwanon ya gasa mu, in ruwa ya sauko kuma ba mai jin muryar Malam. Ba a daɗe ba wata guguwar farkon damina ta yaye rufin ta kai shi gonar mutane. Muka kwaso tabarmi muka koma soro.

A wannan shekarar aka cire Yaya aka yi mata aure. Malam Babba ya zo gidanmu har sau uku. Na laɓe a bayan zana ina jin yana cewa, "Baba, a bar min ita shekara biyu kacal, wallahi yarinyar nan za ta ci kwaman, jarrabawar wucewa gaba da firamare." Baba ya yi shiru, ya ce magana ta riga ta wuce hannunsa, an karɓi kayan mutane. Ranar da aka kai ta, ni aka ba jakar littattafanta.

Ni na ci jarrabawa na tafi kwalejin horon malamai, na fito da Grade II, daga baya na ƙaro NCE. Na koyar a ƙauyuka da dama, na sha zamanin da albashi ke yin wata uku bai zo ba, musamman bayan tsuke bakin aljihun 1986. A ƙarshe aka dawo da ni garinmu a matsayin hedimasta. An ƙaddamar da UBE, shirin ilimi kyauta da ya gaji UPE, a Sakkwato a 1999, dokarta ta fito a 2004, kuma bayan nan ne rabonmu ya zo: azuzuwa shida da ofis da sito, fenti rawaya da kore, a bakin hanya. Na kwashe yara muka koma can, na sa kwaɗo a ƙofar soro.

A nan laifina na farko yake. Ginin ƙasa ba ya son kwaɗo. Muddin ana shiga, akwai mai ganin inda ya fara yoyo, akwai mai kakkaɓe hanyar gara, akwai mai hawa ya zare ciyawar da ta toshe indararo. Da, duk shekara kafin ruwan farko iyayen yara suna yi masa yaɓe ba tare da an roƙe su ba, kamar yadda kowa ke yi wa ɗakin matarsa. Da na rufe shi sai kowa ya ɗauka ya zama na gwamnati, gwamnati kuma ba ta san da shi a takarda ba. Na mai da shi wurin jibge karyayyun bencina. Kwaɗon ya yi tsatsa ya faɗi, awaki suka gaje shi, wani maƙwabci ya riƙa tara harawa a ciki. Kullum ina wucewa ta gabansa a kan babur, ban taɓa tsayawa ba.

Abin da ya fi ba ni kunya in na tuna shi ne, a daidai wannan lokacin ni ne mai kwasar 'yan aji shida zuwa yawon buɗe ido. Na kai su Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa cikin Kano, na tsaya ina yi musu bayanin yadda Hanns Vischer, Baturen da Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a wurin a 1909. Wata shekarar muka je Katsina, tsohuwar Kwalejin da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wadda yanzu gidan tarihi ce. Duka biyun ginin ƙasa ne irin namu, da azara da bakuna. Ina cewa yara su dubi aikin kakanninsu, su yi alfahari. Muka dawo gida da magariba, motar ta sauke mu a gaban soro, wani bunsuru yana tsaye a bakin ƙofa yana kallonmu.

Rasuwar Malam Babba ce ta farkar da mu. Da labari ya zo, mu 'yan ajin farko muka yi mota guda muka je ta'aziyya garinsu. A hanyar dawowa aka shiga tuna baya, wani ya ce ai abin kunya ne a ce ɗakin da ya fitar da malamai da ma'aikatan asibiti da soja har da lauya ya zama turken awaki. Aka buɗe zaure a WhatsApp, aka yi karo-karo, kuɗi suka taru fiye da yadda muka zata. Ni da nake gari aka damƙa wa aikin.

Na je wurin Sarkin Magina don in fita hakkinsa, tunda mahaifinsa ne ya ja ginin tun farko. Tsoho ne, ido ya fara rauni, yana zaune a dakalin ƙofar gidansa. Na gaishe shi na ce, "Baba Sarki, soro za mu gyara. So nake a yi masa filasta da siminti, bango da rufi, a huta da yaɓen kowace shekara."

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Malam, ƙasa numfashi take yi. Da damina ta sha, da rani ta fitar. In ka sa mata rigar siminti, ta ina za ta fitar?"

Na ce ai zamani ya canza, ga gidaje nan birjik an yi musu.

Ya ce, "Je ka ƙwanƙwasa su ka ji."

Ban je ba. A raina na ce tsoho yana kare sana'arsa ne. Kuma, in faɗi gaskiya, ina son in tura hoto a zauren nan a ga abu fes, fari tas, a ce Hedimasta ya yi aiki. Yaɓen ƙasa ba ya kyau a hoto. Na ɗauko birkila daga cikin gari, aka kafa ƙusoshi da ragar waya a bango, aka watsa siminti, aka shafe rufi, aka yi fenti, aka rubuta sunan makaranta da shekarar UPE da manyan baƙaƙe. Ciki ne kawai ba a taɓa ba, shi ma don kuɗi sun ƙare ne. Aka yi walima, Mai Gari ya sa albarka, na sake sa sabon kwaɗo, wannan karon babba.

Damina biyu lafiya lau. A ta uku na ga tsaga siririya kamar gashi a rufi, na ce ba komai. Wata rana na jingina babur a bangon gabas, hannun ya bugi filasta, sai na ji ta yi ƙara kamar ganga. Na ƙwanƙwasa nan, na ƙwanƙwasa can, duk fanko. Simintin ya rabu da ƙasar, ya tsaya shi kaɗai kamar ɓawon ƙwai. Na gane abin da tsohon ya ce in je in ji, amma na ja bakina na yi shiru, ina cewa bari kaka ta yi.

Daminar 2022 ba ta jira kaka ba. Duk wanda ke Jigawa ya san irin ruwan da aka yi a shekarar, garuruwa nawa ambaliya ta ci, gidaje nawa suka zube. Mu ba mu bakin kogi, amma an yi kwana da kwanaki sama ba ta ɗauke ba. Hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, bangon gabas shi ke shan duka. Cikin dare muka ji rugugi. Da asuba na je da tocila, na tarar bangon ya kwanta waje, kashi ɗaya cikin uku na rufin ya bi shi. Allah ya sa babu kowa a ciki. Na sa hannu a ƙasar da ta zube, jiƙe take sharkaf kamar kunu, ga hanyoyin gara sun yi mata saƙa a bayan simintin inda ido ba ya gani. Ruwa ya daɗe yana shiga ta tsagar rufi, ya rasa hanyar fita, ya zauna a kan bakin azara har suka ruɓe. Shekara sittin da wani abu ginin yana tsaye da yaɓen talakawa. Gyarana bai kai shekara biyar ba.

Samari suka ce a ƙarasa shi kawai, a share fili a yi shaguna ko gidan kallon ƙwallo, kuɗin haya ya shiga asusun makaranta. Maganarsu ba ta banza ba ce, makarantar tana bukatar alli da bencina. A zauren WhatsApp kuwa shiru, wanda ya fi zagi ciwo. A taron fada na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ba ruwa ne ya ka da soro ba, ni ne. An gaya min ban ji ba." Na roƙi a ba ni rani ɗaya. Mai Gari ya dubi Sarkin Magina, wanda jikansa ya riƙo shi ya kawo shi. Tsohon bai ce ai na faɗa ba. Tambaya ɗaya ya yi: bangon arewa yana nan? Aka ce yana nan. Ya ce to a fara ɓamɓare simintin gobe, kafin sauran su bi.

Aikin ya ci rani guda cur, kuma a nan na yi karatun da ban yi a kwaleji ba. Ƙasar da ta zube ba a zubar ba, ita aka sake jiƙawa aka haɗa da sabuwa daga kududdufin da aka haƙa tun farko. A tattaka ta da ƙafa da yankakkiyar ciyawa, a rufe a bar ta kwanaki tana ruɓa, a dawo a sake tattakawa. Ni da na zata kwaɓa ƙasa aikin yini ɗaya ne. Tubali da hannu ake cura shi, gindi faɗi kai tsini, ya yi mako biyu a rana. In an zo gini a jera su tsaye kai sama, a cika tsakaninsu da kwaɓi, kuma ba a ɗora sahu a kan sahu sai na ƙasa ya sha iska. Bango yana faɗi a gindi yana sirancewa sama. Tsohon yana zaune a inuwar darbejiya, ba ya gani sosai, sai a kawo masa curi ya murza a tafin hannu, ya sansana, ya ce a ƙara kwana biyu.

Azara ce ta ba mu wuya. Giginyar fadamarmu ta ƙare, an sare babu mai dasawa, kuma ba kowace ake so ba, namijin giginya ya fi ƙarfi, shi gara ba ta cika ci ba. Sai daga tsofaffin ɗakunan da mutane ke rushewa don su yi na bulo muka riƙa saye ɗaya-ɗaya. Azarar Baba mai lanƙwasa tana ɓangaren ƙofa, ba ta faɗi ba. Da aka zo rufi, Sarkin Magina ya ce a zamanin mahaifinsa laso ake shafawa, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, yana shekaru ruwa bai ratsa ba. To marinar garinmu ta mutu tun ina yaro, karofin ma an cike shi. Saboda haka makuba aka yi. Mata suka tara ɓawon ɗorawa, aka jiƙa har ruwan ya yi ja, aka kwaɓa yaɓen ƙarshe da shi. Ya gaya mana ƙarara cewa wannan ba na har abada ba ne, sai an riƙa sabuntawa. Ya ce ko hasumiyar masallacin Agadas da ake ji, itatuwan da ke fitowa a jikinta matakan masu yaɓe ne.

Da aka zo yaɓen ciki, jikansa ya ɗebo kwaɓi zai shafe baƙin tabon saman alkuki. Tsohon ya ji inda sautin hannun yake, ya ce, "Kai, tsallake nan. Hayaƙin iyayenku ne."

Sharaɗi ɗaya ya kafa kafin ya sa hannu a aikin, cewa ba za a sake sa kwaɗo ba. Mun yi ta shawara me za a yi da ɗakin. Wasu suka ce gidan tarihi, a rataye hotuna. Wa zai zo kallon hoto a ƙauyenmu? Amsar daga inda ban zata ba ta fito. Yaya, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida, ta aiko a kira ni. Ta miƙo min wayarta ta ce in duba mata saƙon da ɗanta ya turo daga Legas. Na karanta mata. Ta karɓi wayar ta juya ta a hannu, ta ce, "Auta, shekara arba'in ina ba yara suna karanta min sirrina. Baƙaƙen ina gane su ɗaya-ɗaya, haɗawar ce ta gudu. Tunda ka gama ɓarnarka ka gyara, a buɗe mana soron."

Yanzu ranar Asabar da Lahadi da Laraba bayan la'asar mata ne a ciki, yawancinsu sun yi jika. Wata malama daga sabuwar makaranta take koyar da su, ni ina taimaka mata da masu koyon lamba. Abin da suke so a bayyane yake: sunaye a waya, katin asibiti, ranar komawa rigakafi, lissafin adashi. Da safe kuma 'yan share fagen shiga aji ɗaya ake kawowa, don sabon ginin ya cika, ga zafin kwano. Ranar farko Yaya ba ta tambayi kowa ba, ta wuce kai tsaye ta shimfiɗa ɗankwalinta a ƙarƙashin tagar kudu. Cikin wata huɗu ta koma jan wasu biyar. Rannan na rubuta kalma a allo na manta ƙugiyar ɗ, ta ce a gaban kowa, "Hedimasta, daki ka rubuta ko ɗaki?"

Sarkin Magina ya rasu bara, bayan ya ga damina ɗaya ta wuce soron bai ɗiga ba. Jikansa ke jan yaɓe yanzu. Mun sa ranar yaɓen a Asabar ta ƙarshe kafin a fara sharar gona, kowane gida ya kawo mutum ɗaya ko kwanon fura. Bana na naɗe hannun riga na ɗebo kwaɓi zan shafa a bangon gabas, yaron ya dube ni, ya dubi bangon, ya ce, "Baba Malam, bar wannan. Ga jarka can, ruwa ya kusa ƙarewa."

Na ɗauki jarka na nufi rijiya.